Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Sashen Ilimin Musulunci da daraktocin ilimi na Akra: a ware wa yaran Zango awa ɗaya ta koyon karatu

Ranku ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna rubuto muku ne a kan yaran da ke hawa aji bayan aji a makarantun Nima, Mamobi, Sabon Zango, Fadama da Madina ba tare da sun iya karatu ba. Duk wanda ya taɓa riƙe aji huɗu ya san su. Littafinsu tsaf, sun kwafe duk abin da ke kan baƙin allo, in aji ya ɗauki amshi muryarsu ce a sama. Amma ka ware ɗaya, ka ɗora yatsa a kan layi guda ka ce ya karanta, sai ya sunkuyar da kai. Wannan yaron ba daƙiƙi ba ne. An wuce shi ne tun a aji ɗaya, kuma babu wanda ya koma ya ɗauko shi. Haka zai lallaɓa har ya zauna BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, sakamako ya fito, a ce yaran Zango ba sa son boko.

Matsalar ta ƙasa ce baki ɗaya. Gwajin karatun EGRA da aka yi wa 'yan aji biyu a Gana a 2013 da 2015 ya nuna kusan rabinsu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Turanci, waɗanda kuma ke karantawa da sauri su fahimta ba su wuce biyu cikin ɗari ba. Dalilin a fili yake. Malami na bin manhaja ne mako-mako, kuma abin da za a duba a wurinsa shi ne littafin shirin darasi da yawan aikin da ya ba yara ya yi maki. To yara biyar ko shida na gaba suna amsawa, darasi na tafiya, sauran suna zaune. Manhajar 2019 ta zo da kyakkyawar niyya, sai dai littattafanta sun makara shekaru, kuma ita ma tana ɗauka cewa ɗan aji huɗu ya riga ya mallaki abin aji uku.

Maganin da muke roƙo ku tilasta an riga an gwada shi a nan gida. Asalinsa daga ƙungiyar Pratham ta Indiya ne: a auna kowane yaro, a haɗa shi da waɗanda matakinsu ɗaya, a koyar da shi daga inda ya tsaya. Tsakanin 2010 da 2013 hukumar ilimi ta Gana (GES) da ƙungiyar bincike ta IPA sun gwada shi a makarantu 500 a gundumomi 42, a shirin TCAI, inda aka ɗauki matasan unguwa da suka gama sakandare su taimaka wa yaran da aka bari a baya. Yara sun ƙaru, amma ribar ba ta kai yadda aka so ba, domin sau da yawa masu sa ido sun je sun tarar ba a yin darasin. A shekarar karatu ta 2018 zuwa 2019 aka sake gwadawa a makarantu 210 a shirin STARS, da malaman aji huɗu zuwa shida da kansu, wannan karon aka horar da shugabannin makarantu da jami'an da ke zagaya su. Awa ɗaya a rana, kwana huɗu a mako, kuma yara suka samu ƙarin da ya kusa sulusin abin da ake koya a shekara guda. Shirin GALOP da Bankin Duniya ya tallafa, wanda aka tsara wa makarantu dubu goma, ya ɗauki wannan hanya. Abin da gwajin biyu suka koya mana shi ne, hanyar tana aiki in ana yin ta, kuma ana yin ta ne kawai in akwai mai zuwa ya duba.

Ga mutanen Zango wannan ba baƙon abu ba ne. A makarantar allo ba a tambayar shekarun yaro kafin a rubuta masa. Mai babbaƙu na zaune kusa da mai farfaru, kusa da wanda ya yi nisa a izu, kowa da allonsa, kuma malam ba zai ce a wanke ba sai yaro ya biya abin da ke kai. Sashenku da aka kafa a 1987 don haɗa karatun addini da na boko shi ya fi kowa cancantar ya shigo da wannan ƙa'ida ajin Turanci da lissafi.

Ga yadda aikin yake. A makonni biyun farko na zangon karatu, a auna kowane yaro daga aji biyu zuwa shida, ɗaya bayan ɗaya, da baki. Takarda guda ta isa: haruffa goma, kalmomi goma masu sauƙi, sakin layi mai gajerun jimloli huɗu, da labari mai jimloli takwas zuwa goma da tambayoyi biyu a ƙasa. A fara da sakin layin. In yaro ya karanta bai yi kuskure fiye da uku ba, a kai shi ga labari. In ya kasa, a sauko ga kalmomi, ya zaɓi biyar, in ya samu huɗu matakinsa ke nan. In ya kasa, a sauko ga haruffa. Minti biyar ya ishi yaro ɗaya, wato aji mai yara hamsin zai ci awa huɗu da 'yan mintoci, wanda za a iya rabawa cikin mako guda. A tanadi samfurin takardar iri uku, domin yaran da ke jiran layi suna da kunne, kuma haddar abin da aka ji sau uku ba ta yi wa ɗan makarantar allo wuya. A zaunar da yaro nesa da taga, a ajiye bulala, a gaya masa da Hausa cewa wannan ba jarrabawa ba ce. Yaron da ya tsorata zai faɗi mataki ɗaya ƙasa da nasa.

Lissafi ma haka: gane lamba daga 1 zuwa 9, daga 10 zuwa 99, ɗebewa mai aro kamar 52 a cire 17, sai raba lamba mai gida uku da mai gida ɗaya. A lura da irin kuskuren, domin shi ne ke nuna ciwon. Yaron da ya rubuta 45 a amsar 52 a cire 17 ya cire ƙaramar lamba ne daga babba a kowane gida, 7 a cire 2, 5 a cire 1. Bai san cewa 5 ɗin nan goma-goma guda biyar ba ce da za a iya kwance ɗaya daga ciki. Sau da yawa wannan yaron shi ne ke ba da canjin sidi hamsin a teburin mahaifiyarsa ba tare da kuskure ba. Lissafin na kansa, rubutun ne ba a haɗa masa da shi ba. Tsinken tsintsiya da aka ɗaure goma-goma da roba, ko marafan kwalba, sun isa gyara wannan cikin 'yan makonni: ya kwance dami ɗaya da hannunsa, ya faɗi abin da ya yi, sannan ya rubuta.

Bayan awo sai rabo. A makarantar da ke da malami ɗaya a kowane aji, a haɗe aji huɗu, biyar da shida na tsawon awa ɗaya, a raba su rukuni uku: masu haruffa da waɗanda ba su kai nan ba, masu kalmomi, da masu sakin layi da labari. Kowane malami ya ɗauki rukuni guda. Shawararmu ita ce malamin da ya fi ƙwarewa da haƙuri ya ɗauki na ƙasa, kuma rukunin ya fi sauran ƙanƙanta in da hali. Abin da aka saba shi ne a miƙa shi ga ɗan bautar ƙasa ko sabon zuwa, alhali nan ne aikin ya fi wuya. A ba rukunonin sunayen launi ko na tsuntsaye. Yarinya 'yar shekara goma sha uku da ta ji an kira ajinta na marasa ƙoƙari, gobe za ta ce kanta na ciwo.

Awar rukunin ƙasa tana da tsari. Minti goma na farko malami ya karanta ɗan labari da ƙarfi yana bin kalmomi da yatsa, a tattauna shi. Minti goma sha biyar na sautin haruffa: sabon sauti ɗaya ko biyu kawai a rana, tare da bitar na baya a kan katuna da aka yanka daga kwali. Minti goma sha biyar na haɗa sauti su zama kalma da kuma warware kalma zuwa sautukanta. Minti goma kowane yaro ya karanta wa abokin zamansa, malami na zagayawa yana saurare. Minti goman ƙarshe shifta, kalmomi biyar da jimla ɗaya, a gyara nan take. A koyar da sautin harafi kafin sunansa. Yaron da ya haddace waƙar haruffa tun daga KG, ajin share fagen firamare, yana iya rera ta har ƙarshe amma bai san me zai yi da harafin m, a da t in an jera su ba.

Akwai wuraren da yaranmu ke tuntuɓe da malami ya kamata ya sani tun kafin ya shiga aji. Hausa ba ta bambanta p da f, don haka pan da fan sauti ɗaya ne a kunnen yaro sai an sa shi ya kalli leɓen malami ya gwada da kansa. Haka v da b. Harshenmu kuma ba ya son baƙi biyu a jere a farkon kalma, sai yaro ya cusa wasali a tsakani. Wasulanmu biyar kowane da sautinsa tsayayye, na Turanci kuwa harafi ɗaya na iya ɗaukar sauti uku, shi ya sa ake farawa da gajerun kalmomi masu bin ƙa'ida a jinkirta masu saɓa mata. Sannan yaron da ke karanta Larabci daga dama da yamma yana karanta Turanci daga hagu da safe, wani lokaci ya juya was ta zama saw, ko ya rikita b da d. Ɗigo kore a gefen hagu na layi da bin kalma da yatsa na magance wannan. Ba dalili ba ne na raba yaro da makarantar allo, kamar yadda wasu ke ba iyaye shawara. Wanda ya iya haɗa baƙi da wasali a Larabci ya riga ya gane sirrin karatu, kuma malami mai lura zai gina a kan haka.

Abin da ya fi kashe shirin shi ne a raba yara sau ɗaya a manta. A sake awo duk bayan mako huɗu zuwa shida, wanda ya ci gaba ya hau. In bayan zango guda rukunin ƙasa bai ragu ba, a duba koyarwar kafin a zargi yara. Na biyu shi ne cin awar: taron malamai, shara, atisayen maci, shirin jarrabawar gwaji, duk a kanta suke faɗawa. A makarantun Islamiyya da jadawali ke ɗauke da Larabci da Alƙur'ani bisa darussan gwamnati, kuma Juma'a ake tashi da wuri, awar ta zama Litinin zuwa Alhamis. Kada a sa ta a darasin farko, domin yaran da suka fi bukatarta su ne masu makara saboda ɗiban ruwa, kai ƙanne, ko taya uwa fitar da koko da waake. Bayan cin abinci kuma barci ke ɗibarsu. Darasi na biyu, kafin hutun farko, shi ya fi. A watan azumi a rage ta zuwa minti arba'in, kada a soke.

Sai maganar harshe, wadda ta fi damun mu. Manufar ƙasa, wadda aka gina shirin NALAP na 2009 a kanta, ita ce a koyar da yaro da harshen gida daga KG zuwa aji uku. Harsuna goma sha ɗaya aka daɗe da amincewa da su, irin su Ga, Dangme, Ewe, Asante Twi, Fante da Dagbani, kuma Hausa ba ta ciki. A Akra harshen makaranta Ga ne. Yaron Nima da ke jin Hausa a gida da titi da masallaci, ko ɗan Kotokoli, Zabarma, Mosi da Fulani da Hausa ce ta haɗa shi da maƙwabta, yakan shiga aji ɗaya ya tarar da harsuna biyu da ba ya ji sosai, ga Larabci na uku. Muna son yaranmu su iya Ga, domin a ƙasar Ga muke zaune. Amma yaro ba ya koyon karatu da harshen da bai fahimta ba. Shigar da Hausa cikin jerin magana ce ta ma'aikatar ilimi da hukumar tsara manhaja ta NaCCA, kuma muna roƙon ku kai ta can. Kafin nan akwai abin da ke hannunku. Ku ƙidaya harshen da yaran kowace makaranta suka fi ji, tambaya ɗaya ce a ranar awo. Wajen tura malamai, ku sa mai jin Hausa a KG da aji ɗaya zuwa uku inda yawancin yara Hausa suke yi. Ku rubuta wa shugabannin makarantu cewa malami na da izinin bayyana sabuwar kalma da umarnin aiki da Hausa, kuma a daina hukunta yaro don ya yi harshensa a harabar makaranta.

Sauran awannin yini ma suna bukatar gyara, kuma gyaran ba ya cin kuɗi. Amshin taro shi ne babban mayafin da ke rufe wanda bai gane ba. In malami ya ce kun gane, aji ya ce e, bai samu labarin komai ba. A ba kowane yaro ƙaramin allo da alli, a yi tambaya, kowa ya rubuta ya ɗaga lokaci guda, cikin daƙiƙa goma malami ya ga aji duka. In fiye da ɗaya cikin biyar sun kuskure, a sake bayani da wani misali kafin a wuce. Binciken Mary Budd Rowe ya nuna malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya ne bayan tambaya, kuma in aka kai jiran daƙiƙa uku amsoshi na tsawo, yara da yawa na shiga. Ga yaron da ke juya tambayar zuwa Hausa a zuciyarsa sannan ya juyo da amsa, daƙiƙa biyar ma ba ta yi yawa ba. A yi tambayar tukuna sannan a kira suna, kuma a zaro sunan daga gwangwani don kada kullum ya zama masu ɗaga hannu. Kowane darasi ya fara da tambayoyi biyar littafi a rufe: biyu daga jiya, biyu daga makon jiya, ɗaya daga watan jiya. Gwajin Roediger da Karpicke na 2006 ya nuna wanda ya rufe littafi ya yi ƙoƙarin tunowa ya fi wanda ya sake karantawa riƙe abu bayan mako guda.

Duk wannan zai tsaya ne a kan sa ido. Jami'an da'ira masu zagaya makarantu, waɗanda yanzu ake kira SISO, su riƙa zama a aji minti talatin lokacin awar, su zaɓi yara biyar da kansu su saurari karatunsu, sannan su bar wa malami gyara guda ɗaya tak da za a duba a zuwa na gaba. Gyara goma a rana ɗaya babu wanda zai ɗauka. Ƙasar Kenya ta ga amfanin haka a shirin Tusome da ta fara a 2015, inda ta haɗa jagoran malami, littafi a hannun kowane yaro, da masu zagayawa suna koya wa malamai a cikin aji. Awar PLC ta mako-mako, wadda malamai ke haɗuwa don ƙara wa juna sani, kuma ta daina zama wurin karanta sanarwa da sa hannu a rajista. Malami ɗaya ya koyar da darasin gobe na minti goma, 'yan'uwansa su zama yara, a gyara masa, sannan a buɗe takardar matakai a kira sunayen yaran da ba su motsa ba. Malaman Larabci su zauna a ciki. Su ne suka fi kowa sanin gidajen yaran, kuma iyaye na jin maganarsu.

Game da iyaye akwai darasin da ya fito daga wannan yanki namu. A binciken QP4G da aka yi a makarantun KG 240 na gwamnati da na kuɗi a yankin Akra a shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016, horar da malamai tare da bibiyarsu ya inganta aji kuma yara sun ƙaru. Amma inda aka ƙara da tarurrukan wayar da kan iyaye, ribar da yara suka samu ta ɓace. Fahimtarmu ita ce, uwar da ke biyan kuɗi tana son ganin littafi cike da rubutu, kuma jawabi ba ya sauya wannan. A taron iyaye a nuna musu abin da ido zai gani: ga inda ɗanki yake a watan farko, ga inda yake yau, ga shi zai karanta miki. A ba su aikin da wanda bai yi boko ba ma zai iya, wato yaro ya iso kafin ƙararrawa, ya karanta wa wani a gida minti goma da ƙarfi bayan magariba, kuma a ɗauke wa yarinya talla a ranakun makaranta. Limamai da sarakunan Zango za su iya faɗin wannan a huɗuba da wuraren suna da aure, in kun kai musu alƙaluman unguwarsu.

Kayan aikin ba su da yawa: rim ɗaya na takarda, kwalaye, maka, alli, ƙananan alluna, da gajerun labarai da malamai za su rubuta da kansu a buga. Kuɗin tallafin makarantu na kowane ɗalibi yakan makara, don haka a sa waɗannan a sahun farko na tsarin inganta makaranta na SPIP, kuma ku nemi Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017 ya ɗauki nauyin buga littattafan karatu na matakin farko, har da na Hausa.

Muna roƙon takardar umarni ta fita kafin zango mai zuwa, ɗauke da makon awo, da lokacin awar a jadawali, da sunan jami'in da zai ziyarci kowace makaranta aƙalla sau biyu a zango. A ƙarshen zangon kowace makaranta ta kafe a ofishin shugabanta adadin yaran da ke kowane mataki a farko da a ƙarshe, ba tare da sunaye ba, a karanta shi a taron duba ƙoƙarin makaranta na SPAM gaban kwamitin makaranta da iyaye, sannan kwafi ya iso ofishinku.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam,
Wasu malaman firamare da na Larabci a zangunan Akra